Bin sawun tunawa a yankan ƙwaƙwalwar ɓera

Kafin a taɓa ƙwaƙwalwa, ruwa ake fara haɗawa. Gishiri, fotasiyam, magniziyam, bayikabonet da gulukos, kowanne da awonsa, a cikin ruwan da aka tace tas, don a kwaikwayi ruwan da ƙwaƙwalwa ke jiƙe a cikinsa tun tana cikin ƙoƙon kai. Sai a tsoma siririn bututu yana ɓulɓulo da iska, kashi 95 oksijin, kashi 5 kabon-dayoksaid. Kalsiyam ne ake zubawa daga ƙarshe, bayan iskar ta ratsa ruwan sosai. Wanda ya yi gaggawa zai ga ruwansa ya dagule ya yi fari-fari, sai dai a zubar a sake sabo. Malamar da ta koya mini aikin ta daɗe tana sa ni wannan haɗin kaɗai kafin ta yarda in riƙe almakashi. Cewa take yi rabin gwaje-gwajen da suka lalace a wannan ɗakin bincike tun daga kwalbar ruwa suka lalace.

Tambayar da ta kai ni wajenta tsohuwa ce. A 1984 Francis Crick, wanda duniya ta fi sani da DNA, ya ɗauko ta a wata gajeriyar maƙala. Idan abin da muke tunawa yana ajiye ne a mahaɗun da ke tsakanin ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa, inda ɗaya ke miƙa wa ɗaya saƙo, su kuma mahaɗun da furotin aka gina su, to ai furotin ba ya daɗewa. Yawancin waɗanda ke mahaɗa kwanaki kaɗan suke yi, wasu makonni, sai a rushe su a kawo sababbi. Amma ga tsoho nan ɗan shekara tamanin yana faɗa maka sunan abokin wasansa na yarinta. Me ya riƙe sunan, alhali kayan da aka rubuta shi da su sun juya sau ba adadi? Na karanta amsoshin da aka bayar a takarda, kowa da gwaninsa. Abin da nake so shi ne in ga da idona inda gardamar take fitowa.

Da ɓera ake yi, bisa izinin kwamitin kula da dabbobin bincike. Ana shaƙa masa iskar sa barci har sai an matse ƙafarsa bai motsa ba, sannan a kashe shi. Wannan ɓangaren ba ya yi mini daɗi har yau, kuma ba na so ya fara yi. Daga nan komai da gudu ne. Cikin minti guda ko makamancin haka ake so ƙwaƙwalwar ta fito ta faɗa cikin ruwan nan mai ƙanƙara, domin sanyi ne ke rage wa ƙwayoyin yunwar oksijin kafin su mutu. A raba ta biyu, a sa ɗan faifan ƙarfe a mirgino hifokamfus daga ƙarƙashin ɓawon ƙwaƙwalwa, ɗan lanƙwasasshen abu fari mai santsi. Shi ake so saboda dalilai biyu. Na farko, tun 1953, lokacin da aka yi wa Henry Molaison tiyatar farfaɗiya aka cire masa kaso mai yawa na wannan sashe ta ɓangarorin biyu, ya kasa riƙe sababbin al'amura har ƙarshen rayuwarsa, aka gane muhimmancinsa. Na biyu, zaruruwan jijiyarsa masu kai saƙo a jere suke, ta yadda ko an yanka shi falle-falle, kowane falle yana fitowa da hanyoyinsa a haɗe.

Na'ura mai reza da ke karkarwa ce take yankan, kaurin maikiromita 400, wato ƙasa da rabin milimita. Da ɗan burushi mai laushi ake ɗaukar kowane falle a shimfiɗa a kan raga, ruwa na gudana ta ƙasa, iska mai laima ta sama, ɗumi digiri 32 ko kusa da haka. Sai jira. Sa'a biyu ne mafi ƙaranci a wajen Malama, kuma idan gwajin mai tsawo ne takan ƙara. Da na tambaye ta dalili, amsar da ta ba ni ita ce darasina na farko na ainihi. Yanka kansa tashin hankali ne ga nama. Gilutamet, sinadarin da ƙwayoyin ke aika wa juna saƙo da shi, yana zuba, kalsiyam na kwarara cikin ƙwayoyi, inzayim ɗin da muke son aunawa, wato furotin masu tada ayyuka a cikin ƙwaya, duk sun tashi. Idan ka fara gwaji kafin su lafa, raunin reza kake aunawa kana ce masa koyo.

Sa allurai ne ya fi cin raina. A ƙarƙashin maikiroskof, layin jikkunan ƙwayoyin yana bayyana garai-garai kamar an ja shi da alƙalami. Yankin da ake kira CA1 nake nema, can inda rassan ƙwayoyin suka miƙe suna karɓar zaruruwan da suka taso daga CA3. A tsakiya ake kafa siririyar allurar gilashi mai sauraro. Hagu da dama kuma a kafa allurai biyu na ƙarfe masu tsikara da lantarki, kowace tana taɓa nata dammin zaruruwa, amma duka suna sauka a kan ƙwayoyi guda. Wannan tsari na hanya biyu shi ne ruhin aikin, domin ɗaya ake gwadawa, ɗayar kuwa shaida ce. Idan shaida ta fara sauka, fallen ne yake mutuwa, kuma duk abin da ka gani a ɗayar hanyar ba shi da amfani.

Idan aka tsikara, abubuwa uku ne ke fitowa a allon kwamfuta cikin ƙiftawar ido: tsinin lantarkin tsikarar kanta, ɗan ƙaramin lotsawa na saƙon da ke gudu a zare, sai babban kwari wanda shi ne amsar mahaɗun. Gangaren kwarin nan ake aunawa. In ya ƙara tsayuwa, mahaɗun sun ƙara ƙarfi. Amma kafin ka ga haka tsaf sai ka yi faɗa da gurnanin wutar lantarkin gini, wanda ke shiga ta kowace waya da ba a ɗaure ta da ƙasa ba. Teburin yana cikin kejin raga ta ƙarfe, duk da haka wani lokaci cajar waya da aka manta a bango ta isa ta ɓata komai. Bayan an samu siginar mai tsabta, sai a rage ƙarfin tsikara zuwa ƙasa da rabin iyakarsa, don a bar wa amsar wurin girma, a riƙa aika ɗaya-ɗaya jefi-jefi. Ɗigo-ɗigon da ke allo dole su jeru a miƙe na rabin sa'a ko fiye. In layin yana hawa ko yana sauka da kansa, ba a ci gaba.

Sannan a danna maɓalli. Tsikara 100 cikin daƙiƙa ɗaya, a hanya ɗaya kawai. Ɗigon da ya biyo baya sai ya yi tsalle sama, ya ɗan sauko cikin 'yan mintoci, sannan ya tsaya a wani sabon mataki, sama da inda yake da. Hanyar shaida ko gezau. Wannan ita ce LTP, ƙarfafuwa mai ɗorewa, wadda Terje Lømo ya fara gani a Oslo a 1966 a ƙwaƙwalwar zomaye, shi da Tim Bliss suka wallafa cikakken bayaninta a 1973. Na san labarin, na sha ganin zanen a littattafai, amma ranar da na ga ɗigon ya tashi ya ƙi dawowa a nawa fallen, sai da na kira duk wanda ke ɗakin.

Abin da ya faru a cikin daƙiƙar nan an san shi sosai. Gilutamet da zare ya saki yana samun ƙofofi iri biyu a ɗaya gefen mahaɗa. Ƙofofin AMPA su ne na yau da kullum, suna buɗewa sodiyam ya shiga. Ƙofofin NMDA kuwa magniziyam ne toshe a bakinsu, ba ya fita sai ƙwayar da ke karɓa ta riga ta ɗau caji. Tsikara ɗaya ba ta isa ba, amma ɗari a jere sun isa. Toshiyar na fita, kalsiyam na kwarara cikin 'yar ƙayar da mahaɗar ke zaune a kanta, ya tada wani inzayim mai suna CaMKII, daga nan a turo ƙarin ƙofofin AMPA zuwa mahaɗar, ƙayar kanta ta kumbura. Gilutamet ɗin jiya, amsa ta fi ta jiya. Na gwada zuba AP5, maganin da ke toshe ƙofar NMDA, kafin tsikarar, kamar yadda Graham Collingridge da abokansa suka nuna a 1983, ɗigon ya yi tsallensa ya dawo gida cikin mintoci. Amma in aka zuba shi bayan LTP ta kafu, ba ya yi mata komai. Ƙofar NMDA ta gama nata aikin tun a daƙiƙar farko.

A nan Malama ta tsayar da ni. Ta ce, “Ka lura da kyau, kunnawa daban, riƙewa daban. Mutane da yawa sun auna na farko sun rubuta cewa na biyu suka auna.” Duk sauran abin da na koya a ɗakin a kan wannan bambanci ya tsaya, kuma abin da ke raba su a aikace lokacin zuba magani ne, ba wani abu ba.

Tsikarar nan ta jere, in sau ɗaya aka yi ta, musamman in mai rauni ce, tana ba da LTP da ke zubewa a hankali, cikin sa'a biyu zuwa uku ta koma inda ta fito. Sau uku da tazarar minti goma-goma kuwa tana ba da wadda ke tsayawa muddin fallen na da rai, sa'a takwas, goma. Ganin wannan na nufin wuni guda a gaban allo, ana duba kada ruwa ya ƙare, kada kumfa ta shiga bututu ta girgiza allura. Sai muka shigo da anisomaisin, maganin da ke hana ƙwaya ƙera sabon furotin. Da na zuba shi lokacin tsikarar, LTP ta tashi lafiya lau, sa'ar farko ba ka bambanta ta da kowace, daga baya ta fara sulalewa har ta taɓa ƙasa. Da na jinkirta shi sai bayan ta kafu, bai taɓa ta ba. Ma'ana ana buƙatar sabon furotin a wani ɗan taƙi na lokaci, kuma da zarar an ƙera shi an wuce wurin.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne wanda Uwe Frey da Richard Morris suka wallafa a 1997, na kuma maimaita shi don koyo. A ba hanya ta ɗaya tsikara mai ƙarfi. Bayan kamar sa'a guda, a ba hanya ta biyu mai rauni, wadda da ita kaɗai ce da ta zube kafin la'asar. Sai ga shi ta ƙi zubewa. Bayaninsu shi ne mahaɗar da aka tsikara, ko da rauni ne, tana kafa wata alama ta ɗan lokaci, furotin ɗin da ƙwaya ta ƙera saboda maƙwabciyarta mai ƙarfi kuma duk mahaɗar da ke da alama tana iya cafke shi. Wannan ya warware yadda ƙwaya guda mai dubban mahaɗu take sanin wacce za ta ƙarfafa. Yana kuma iya zama dalilin da ya sa mutum ke tuna ƙananan abubuwa marasa muhimmanci da suka faru a ranar wani babban al'amari.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Furotin ɗin da aka cafke shi ma kwanakinsa ƙididdigaggu ne. Tambayar Crick tana nan daram.

Amsa ta farko mai kan gado daga John Lisman ta fito, tun daga 1985. CaMKII ba ɗaya yake zama ba, gungu ne mai guda 12, kuma idan kalsiyam ya tashe su, kowanne na iya liƙa wa na kusa da shi wani ɗan sinadari, fosfet, a wani gurbi da ake kira T286, sai ya ci gaba da aiki ko kalsiyam ya janye. Lisman ya ce in haka ne, sabon da ya shigo gungun tsofaffi za su kunna shi, gungun ya zauna a kunne har abada. Inzayim ɗin kuma ga shi da yawa, wajen kashi 2 cikin ɗari na duk furotin ɗin hifokamfus. A 1998 an sauya gurbin nan a ƙananan ɓeraye, LTP ta lalace, koyon wuri ya lalace. Sai dai a 2009 ɗakin binciken Ryohei Yasuda ya leƙa cikin ƙaya guda da haske, ya ga aikin CaMKII yana tashi ya mutu cikin kamar minti ɗaya. Masu goyon bayan Lisman suka koma kan wani abu daban, wato yadda yake manne wa jelar ƙofar NMDA ya zauna a can. Lisman ya rasu a 2017 yana kan ra'ayinsa, kuma har yanzu akwai masu aiki a kai da hujjoji masu nauyi.

Amsa ta biyu ita ce na taɓa da hannuna. Todd Sacktor, a Niyok, ya daɗe yana bin wani inzayim mai suna PKM-zeta. Danginsa duk suna da wani sashe da ke danne su har sai an kira su, shi kuwa ba shi da shi, don haka da zarar an ƙera shi yana kan aiki har ya mutu. Ana ƙera shi a rassa bayan tsikara mai ƙarfi, aikinsa kuma hana a janye ƙofofin AMPA daga mahaɗar da aka ƙarfafa. Akwai wani ɗan guntun furotin, ZIP, da aka ƙera don toshe shi. Malama ta ba ni shi ta ce in jira sai LTP ta yi sa'o'i tana tsaye, lokacin da AP5 da anisomaisin duk sun daina tasiri, sannan in buɗe masa hanya. Na buɗe. Da farko ba komai. Sannan ɗigon hanyar da aka ƙarfafa suka fara gangarowa, kaɗan-kaɗan, har suka haɗu da na shaida, ita kuwa shaidar tana nan a layinta. Abin da aka gina tun hantsi ya rushe, fallen kuma da ransa.

Na same ta a ofis ina ta zumuɗi. Na ce, “Malama, ai magana ta ƙare, ga mai riƙewar nan.” Ta ce in zauna. Ta tuna mini da 2006, lokacin da aka zuba ZIP a hifokamfus na ɓerayen da suka koyi guje wa wani wuri, suka manta sarai, da 2007 lokacin da aka goge wa wasu ƙyamar wani ɗanɗano da suka koya makonni kafin nan. Duniyar bincike ta ɗauka an gama. Sannan a farkon 2013 ɗakunan bincike biyu, na Richard Huganir da na Robert Messing, suka fitar da ɓerayen da aka cire musu ƙwayar halittar PKM-zeta ɗungurungum. Suna koyo, suna tunawa, LTP ɗinsu lafiya. Abin da ya fi muni, ZIP yana rushe LTP a ɓerayen da ba su da abin da aka ce yana toshewa. Daga baya ma an nuna yana iya cutar da ƙwayoyin jijiya ta wasu hanyoyi. Ta ce, “Abin da ka gani gaskiya ne. Sunan da ka ba shi ne ba ka da hujjarsa tukuna.” Gwiwata ta yi sanyi, amma ban ga ta inda zan musa ba.

Tsugune ba ta ƙare a nan ba. A 2016 Sacktor da André Fenton suka dawo da bayanin cewa a ɓerayen da aka cire wa PKM-zeta, wani ɗan uwansa, PKC-iota, yana hawa kujerarsa, shi ma kuma ZIP na toshe shi. A 2024 suka ƙara wani abu da, a ganina, ya fi duk na baya fuskantar tambayar Crick kai tsaye. Akwai furotin mai suna KIBRA, wanda tun 2006 aka danganta bambancin ƙwayar halittarsa da ƙarfin tunawa a mutane. Sacktor da Fenton sun nuna yana taruwa a mahaɗun da aka ƙarfafa yana riƙe PKM-zeta a wurin. Kamar masu gadi biyu ne a ƙofa ɗaya da ba sa tashi tare: in wa'adin ɗaya ya cika, ɗayan na nan tsaye har sabo ya zo ya same shi, don haka ƙofar ba ta taɓa zama ba kowa, ko da babu ɗaya daga cikin na farko da ya rage. Magungunan da suka yi amfani da su a wannan karon haɗin biyun suke rabawa, sun lalata tunawar da ta kai wata guda, kuma, abin da ZIP ya kasa, ba su yi tasiri a ɓerayen da ba su da PKM-zeta ba.

Ni dai abin da teburin ya koya mini shi ne in daina neman ƙwayar furotin guda da za a ce ita ce ma'ajiya. Duk amsoshin da suka tsira daga suka siffarsu ɗaya, wani tsari ne da ke sabunta kansa. Haka yake a gungun CaMKII, haka a KIBRA da abokinsa, haka ma a CPEB, wanda Kausik Si da Eric Kandel da Susan Lindquist suka nuna a 2003 cewa nau'insa na dodon-koɗin teku yana iya dunƙulewa ya jawo sababbin 'yan uwansa su ɗauki siffarsa. Ban ga dalilin da zai sa ɗaya ta kore sauran ba, tunda ƙwaƙwalwa ba a san ta da dogara da hanya guda a abu mai muhimmanci ba. Kuma dole mai aiki da falle ya san iyakarsa. Sa'o'i goma nake gani, a nama da aka raba da jiki, da tsikarar da babu ɓeran da ya taɓa samun irinta a rayuwarsa. Tsakanin wannan da shekara tamanin akwai barci, akwai sake tunowa, akwai miƙa abin da aka koya daga hifokamfus zuwa ɓawon ƙwaƙwalwa, waɗanda allurata ba ta jin ko ɗaya.

Yanzu tsarin aikina ya sauya. Ba ni nake haɗa maganin ba. Wani abokin aiki ne ke ba ni kwalabe masu lamba kawai, wata magani, wata ruwa zalla, ba a faɗa mini wace ce wace sai na gama lissafi. Sharuɗɗan jefar da falle, kamar saukar hanyar shaida fiye da kima, a rubuce suke tun kafin a fara, don kada in riƙa zubar da waɗanda ba su yi mini daɗi ba. Kowane sabon magani kuma sai an gwada shi a fallen ɓerayen da ba su da furotin ɗin da aka ce yana nufa. In ya yi aiki a can ma, Malama ta ce a mayar da shi firiji, ba za a rubuta komai da shi ba.